Yadda Maganin Gargajiya Ya Samu Ɗaki a Asibitocin Ƙasar Sin

Duk lokacin da aka tayar da zancen shigar da maganin gargajiya asibiti, ƙasar Sin ake kawowa hujja, kuma ba a rasa dalili ba. A can, wanda ya shiga babban asibitin gwamnati zai tarar da ɗakin tiyata da ɗakin ɗaukar hoto, a hawa na gaba kuma ga likitan da ke taɓa jijiyar hannu, ya duba harshe, ya rubuta haɗin saiwoyi da sassaƙe da za a auna a dafa. Rahoton da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2016 ya ce a ƙarshen 2015 akwai asibitocin maganin gargajiya 3,966 da ma'aikata 452,000, kuma an je neman magani a irin waɗannan wurare sau miliyan 910 a cikin shekarar. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2017 ta wajabta wa manyan asibitocin gwamnati su buɗe sashen gargajiya. Mai hange daga nesa sai ya ɗauka cewa maganin da ya kai wannan matsayi lalle ya ci jarrabawa ne aka ba shi kujera. Tarihin abin bai nuna haka ba. Siyasa da ƙarancin likitoci ne suka buɗe ƙofar, gwaji daga baya ya biyo, kuma bai biyo ta kan kowane magani ba. Inda aka bar gwajin ya yi aikinsa, duniya ta ci moriya har zuwa ƙauyukanmu. Inda aka kare maganin daga gwaji, majinyata ne suka biya.

A zamanin sarakunan Sin, likitanci ba aikin asibiti ba ne. Mai magani a gidansa yake, ko ya zauna a kusurwar shagon masu sayar da saiwoyi, ko a aiko masa ya je gidan maras lafiya. Sana'ar gado ce ko ta almajiranci, babu takardar shaida ɗaya da ta haɗa kowa, kuma attajiri yakan kira masu magani uku ko huɗu, iyalinsa su saurari kowanne su zaɓi wanda maganarsa ta kwanta musu. Rubutu kam akwai shi jingim: kundin Li Shizhen da aka buga a 1596 ya tattara magunguna 1,892. Amma littattafan ba bakinsu ɗaya ba, makarantu ne masu jayayya da juna, ga kuma masu tsubbu da korar aljannu suna cin kasuwarsu a gefe. Ko akufanca, wato soka allurai a wasu gurabe na jiki, wadda yau ta zama tambarin likitancin Sin, darajarta ta faɗi ƙwarai a lokacin, har a 1822 sarki ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada.

Asibiti irin wanda muka sani baƙo ne ya kawo shi. A 1835 wani ɗan mishan Ba'amurke, Peter Parker, ya buɗe asibitin ido a Kanton, yana cire yanar ido da ƙari, aikin da masu maganin ƙasar ba su cika taɓawa ba. Amma abin da ya girgiza masu mulki shi ne annobar huhu da ta auka wa Mancuriya a 1910 zuwa 1911, ta kashe mutane wajen 60,000. Wu Lien-teh, likitan da ya yi karatu a Kambirij, ya gano cewa ta numfashi cutar ke yaɗuwa, ya sa a rufe baki da hanci, a killace waɗanda suka kamu, a tsayar da jiragen ƙasa, a ƙone gawarwaki. Shi ma ba shi da maganin cutar, kusan duk wanda ya kamu mutuwa ya yi. Abin da yake da shi shi ne madubin ganin ƙwayar cuta da sanin hanyar da take bi, alhali masu maganin gargajiya da yawa da suka shiga jinya ba kariya sun bi majinyatansu. Daga nan hukuma ta fahimci cewa tsaron lafiyar jama'a yana hannun sabon ilimin, sabbin asibitocin kuma suka ja layi. A 1925, da Sun Yat-sen, uban jamhuriyar Sin, wanda shi kansa likitan zamani ne, yake kwance da ciwon daji a asibitin da gidauniyar Rockefeller ta gina a Beijing, sai da aka fitar da shi daga asibitin kafin a ba shi maganin gargajiya. Ya rasu ranar 12 ga Maris na shekarar.

A watan Fabrairun 1929 aka yi yunƙurin gama da sana'ar baki ɗaya. Majalisar lafiya ta gwamnatin Sin da ke Nanjing ta amince da shawarar Yu Yunxiu, likitan da ya yi karatu a Japan ya ga yadda ƙasar ta ture nata tsohon likitancin: a yi wa waɗanda ke aiki rajista sau ɗaya, a rufe ƙofa ga sababbi, a hana makarantu, a hana talla, sana'ar ta mutu da tsofaffinta. Sai reshe ya juye da mujiya. Mutanen da ba su taɓa haɗa kai ba suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris, masu shagunan magani suka mara musu baya, aka tura wakilai Nanjing, gwamnati ta janye. Abin lura shi ne irin hujjar da suka yi nasara da ita. Ba su kawo lissafin waɗanda suka warkar ba. Cewa suka yi maganin gadon ƙasa ne, dubban manoma da 'yan kasuwa na ci daga gare shi, kuma kashe shi miƙa wuya ne ga kamfanonin magani na ƙasashen waje. A 1931 aka kafa musu cibiya da sunan likitancin ƙasa, bisa alkawarin cewa za su daidaita sana'ar da kimiyya.

Kwaminisanci ma bai zo da son abin ba. Bayan 1949 ma'aikatar lafiya ta ɗora wa masu maganin gargajiya jarrabawa mai cike da ilimin zamani, akasarinsu suka faɗi. Sai dai lissafi ya ƙi: mutane fiye da miliyan 500, likitocin zamani 'yan gomman dubbai kuma cunkushe a birane, masu maganin gargajiya kuwa ɗaruruwan dubbai, ko'ina akwai su, kayan aikinsu a daji yake ba sai an sayo da kuɗin waje ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A 1954 shugaba Mao Zedong ya juya akalar, aka soki manyan jami'an ma'aikatar, He Cheng da Wang Bin, aka sauke su, aka kuma umarci likitocin zamani su koma su koyi na gargajiya. A ƙarshen 1955 aka kafa cibiyar bincike a Beijing, a 1956 aka buɗe kwalejoji huɗu a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, aka ɗebo tsofaffin masu magani daga shagunansu aka ba su albashi da ɗaki a asibitocin gwamnati. A cikin 'yan shekaru aka yi wannan duka, kuma babu wani gwaji da aka jira sakamakonsa kafin a yi. Likitan Mao na kansa, Li Zhisui, ya rubuta daga baya cewa shugaban ya gaya masa yana tallata maganin ne amma shi ba ya sha. Littafin nasa akwai masu tababa a kansa, sai dai ko an ajiye shi gefe, jerin shekarun kaɗai ya isa shaida cewa umarni ne ya riga hujja.

Kuma abin da ya shiga asibitin ba shi ne abin da kakanni suka bari ba. Asibiti yana son manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, sunan cuta da za a rubuta a kati. Don haka kwamitoci suka zauna suka tace littattafan da ke saɓa wa juna suka fitar da tsari guda, suka zubar da aljannu da duban taurari, suka jera sauran yadda zai zauna kusa da ilimin sassan jiki. Tun a shekarun 1930 wani masanin akufanca mai suna Cheng Dan'an ya sake zana guraben allura bisa hanyoyin jijiyoyi, siraran alluran ƙarfe na yau kuma suka maye gurbin kayan dā masu kauri waɗanda wasunsu na tsaga ne da sakiya. Masana tarihi irin su Kim Taylor sun nuna cewa tsarin da ake kira na shekara dubu biyu, a siffarsa ta yau, ginin shekarun 1950 ne da aka yi da tsofaffin tubala. Wannan ba aibi ba ne a kansa, gyara ma ne. Amma yana rushe maganar masu cewa daɗewar abu ita ce shaidar ingancinsa, tunda su masu abin da kansu sai da suka zubar da rabi kafin su shigo da shi.

Inda siyasa ta fi yin ɓarna shi ne tiyata da allura a madadin maganin kashe zafi. An fara ta a Shanghai a 1958, a zamanin juyin al'adu na Mao kuma ta zama abin nuna wa baƙi: ga mutum ana yanka shi ido biyu, yana magana, har yana cin 'ya'yan itace. A watan Yulin 1971 ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya kamu da ciwon afendis a Beijing, aka yi masa aiki a wancan asibitin na Rockefeller, wanda a lokacin an sauya masa suna zuwa asibitin yaƙi da mulkin mallaka. Da maganin kashe zafi na zamani aka yi masa aikin. Allura sai daga baya, don ciwon ciki da ya biyo. Haka ya rubuta, amma labarin da ya bazu a Amurka shi ne an yanka shi da allura kawai, kuma daga nan kasuwar akufanca ta buɗe a Turai da Amurka. Bayan mutuwar Mao, a 1980, wasu likitoci biyu na Shanghai suka rubuta a jarida cewa an riƙa zaɓen majinyata, ana ba su magungunan rage zafi a gefe, wasu kuma sun sha azaba sun yi shiru don tsoron a ce ba su da kishin juyin juya hali. Aikin ya ja baya da kansa da zarar an daina tilasta shi.

Mai musu zai ce, to ai a wannan zamanin ne lafiyar Sinawa ta inganta, tsawon rai ya tashi daga ƙasa da shekara 40 zuwa wajen 65 kafin ƙarshen shekarun 1970, kuma likitocin ƙauye da ake kira marasa takalmi, waɗanda suka haura miliyan ɗaya, da ganye da allura suke aiki. Gaskiya ne suna ɗauke da su, har suna noma ganyayen a bayan ɗakin shan magani. Amma a cikin jakar tasu akwai allurar rigakafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma babban aikinsu shi ne tsabtace rijiya, gyaran masai, karɓar haihuwa da hannu mai tsabta, da tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Agana da rigakafi aka kawar da ita a farkon shekarun 1960. Tsargiya da yaƙi da dodon koɗi aka rage ta. Abin da taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 ya yaba a tsarin Sin shi ne kai ma'aikacin lafiya kowane ƙauye a kan kuɗi kaɗan. Ganyen ya taimaka ta wata fuska da ba a cika faɗa ba: ya sa ma'aikacin bai zo hannu rabbana ba a ranar da babu ƙwaya, ya kuma sa tsofaffi suka yarda da shi har suka miƙo jikokinsu a yi musu rigakafi.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon baya ke da ita ita ce maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, don babu gidan Bahaushe da bai ci moriyarta ba. Ranar 23 ga Mayun 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri don nemo wa sojojin Biyetnam ta Arewa magani, saboda kulorokwin ya daina ji. A 1969 aka ɗora Tu Youyou a kan wani rukuni na shirin. Ita mai ilimin haɗa magunguna na zamani ce, tana cikin waɗanda aka tura su koyi na gargajiya shekara biyu da rabi. Rukuninta ya tattara haɗe-haɗe sama da 2,000 daga littattafai da bakin masu magani, ya gwada ruwan tsirrai 380 a kan ɓeraye. Kusan duka suka faɗi. Wani tsiro mai suna changshan, wanda littattafan suka fi yabo, yana kashe ƙwayar cutar amma aman da yake sawa ya wuce a jure. Qinghao, ɗan'uwan tazargade, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, har sai da Tu ta lura cewa Ge Hong, marubucin ƙarni na 4, jiƙa ganyen ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ta sauya zuwa tatsa da sinadari a ƙaramin zafi, a watan Oktoban 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. A 1972 ita da abokan aikinta suka sha da kansu kafin a ba majinyata a tsibirin Hainan. Daga nan aka samo atemisinin, tushen magungunan da Najeriya ta koma kansu tun 2005, Tu kuma ta samu kyautar Nobel a 2015. Tsohon littafi ya ba da sawu, wannan ba a musu. Amma dafawar da aka saba yi a al'adance ita ce ke lalata maganin, kuma ɓera da madubi da awo ne suka rarrabe tsiro ɗaya daga ɗaruruwan da littattafan suka yaba da murya iri ɗaya. Haka aka yi da gubar asanik a Harbin a shekarun 1970, inda wani likita, Zhang Tingdong, ya bi diddigin wani haɗin ƙauye har aka ware abin da ke aiki a kan wani nau'in sankarar jini, Amurka ta amince da shi a 2000.

Can kuma inda aka bar suna da daɗewa suka tsaya a matsayin gwaji, sakamakon ya bambanta. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu ciwon ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa wata saiwar Sin ta dangin Aristolochia, da yawansu suka koma wankin ƙoda, wasu kuma sankara ta biyo. A cikin Sin kanta sai a 2003 aka hana wani tsiro na wannan dangi, bayan rahotanni sun nuna cewa wata sananniyar ƙwayar gargajiya ta lalata ƙodar mutane da dama. Ɗaruruwan shekaru ana shan irin waɗannan tsirrai ba wanda ya lura, saboda ciwon a hankali yake zuwa, mai magani kuma ba ya ajiye lissafin inda majinyatansa suka ƙare. Ga kuma abin da asibitin da kansa ya haifar: ruwan ganye da ake ɗura wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa, abin da babu shi a kowane tsohon littafi. A 2006 hukuma ta dakatar da wanda ake yi da tsiron yuxingcao bayan ya yi sanadin mutuwar mutane.

Akwai kuma masu musu daga ɗaya ɓangaren, irin su Zhang Gongyao, malamin jami'a da ya nemi a 2006 a fitar da maganin gargajiya daga tsarin gwamnati kwata-kwata. Ban ga sun yi daidai ba. Korar mai magani daga asibiti ba ta hana mutane zuwa wurinsa, sai dai su je a ɓoye su ƙi gaya wa likita abin da suka sha. A asibitin gargajiya na Sin a yau ana ɗaukar hoto, ana gwajin jini, ana tiyata, kuma wanda ya zo da tarin fuka akwai damar a gano kafin a sallame shi da jiƙo. Ga ciwon baya da na gwiwa da suka daɗe, manyan gwaje-gwajen da aka yi a Jamus a shekarun 2000 sun nuna allura ta fi kulawar da aka saba bayarwa sauƙaƙa wa mutane, kodayake sokawa a gurbin da littafi ya faɗa da sokawa a wani wurin dabam kusan sakamako ɗaya suka bayar. Wato akwai sauƙi, amma bayanin da ake yi masa bai tsaya ba. Duk wannan riba ce ta zama a cikin asibiti, da sharaɗin asibitin yana da ikon cewa wannan bai yi ba. A nan ne Sin ta gaza. Wani nazari da Andrew Vickers da abokansa suka buga a 1998 ya tarar cewa duk gwajin akufanca da suka duba daga Sin nasara ya bayar, ko ɗaya bai faɗi ba, abin da ba ya faruwa a inda ake buga sakamako yadda ya zo. A 2018 'yan sanda suka tsare wani likitan Guangzhou, Tan Qindong, wajen wata uku saboda ya rubuta cewa wani tsimin magani da ake talla yana da haɗari. Ga kuɗi kuma: da aka hana asibitocin gwamnati ɗora riba a kan magunguna a 2017, an bar musu ita a kan saiwoyi da ganyayen dafawa, don haka likitan da ya rubuta su ya san asibitinsa na samu.

Albarkar da hukuma ta sa wa sana'ar ta kumbura kasuwarta har ta iso mana ta wata hanyar. Ejiao, wanda ake dafawa daga fatar jaki a sha don ƙarin jini, shi ya sa farashin jaki ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Sahel, har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Manomin da ya rasa abin ɗaukar taki bai taɓa ganin takardar gwajin da ta nuna fatar jakinsa ta warkar da kowa ba.

Gana ta buɗe sassan maganin ganye a wasu asibitocin gwamnati, Najeriya kuma tana da sashe a ma'aikatar lafiya mai kula da wannan fanni, kuma kiran a shigo da masu ɗori da masu sassaƙe asibiti ba zai daina ba, don mutanenmu wurinsu suke fara zuwa. Kiran yana da hujja. Amma duk jami'in da zai ambaci Sin a wannan magana, a tambaye shi wa zai rubuta abin da aka ba kowane majinyaci da yadda ya ƙare, wa zai auna ƙoda da hantar masu sha, kuma wa ke da ikon fitar da magani daga asibitin in ya faɗi gwaji, ko da mai shi babba ne a ƙungiya. In ba a tanadi waɗannan ba, kada a buɗe ɗakin.